Jarabar Aiki: Da Wane Mudu Za A Auna Ta?

Jama'a, tun muna ƙanana ake yi mana faɗa a kan lalaci, amma ban taɓa jin an tsawata wa wani don ya cika aiki ba. To, ashe aikin ma yakan zama jaraba. A shekarar 1971 wani fasto Ba'amurke, Wayne Oates, ya buga littafi inda ya kwatanta halinsa da na mashayi: wancan ba ya iya barin kwalba, shi kuwa ba ya iya barin aiki. Tun daga nan masana suka shiga neman hanyar auna wannan ciwo.

Ma'aunin da ya fi kwanta mini a rai shi ne na Jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe, wanda Cecilie Andreassen da abokan aikinta suka fitar a 2012. Tambaya bakwai ce kurum. Ana tambayar ma'aikaci ko yakan fake da aiki don ya guje wa damuwa, ko an ce masa ya rage ya ƙi ji, ko hankalinsa yakan tashi in an hana shi, ko aikin ya taɓa lafiyarsa, da sauransu. Wanda ya amsa huɗu ko fiye da cewa sau da yawa ne ko kullum, ana tsammanin jarabar ta kama shi. Ba da ka suka yi ba. Da tambaya 14 suka fara, suka gwada su a kan ma'aikata fiye da 12,000, suka zubar da rabi, sa'an nan suka duba ko sakamakon ya dace da ma'aunan da suka riga shi.

Duk da haka ina jan kunnen 'yan'uwana masu shirin binciken ƙarshen karatu, kada wani ya ɗauko wannan takarda ya raba wa malamanmu yadda take. Kowa ya san mudun wata kasuwa ba ya zama daidai da na wata. A Norwe yawancin ma'aikata awa 37 da rabi suke yi a mako. Ga shi kuwa malaminmu na firamare, da safe yana aji, da yamma yana koyar da yara a gidajensu, ran Asabar yana gona. Tambaye shi ko ya bar wasa da hutawa saboda aiki, zai ce kullum. An ce masa ya rage? Matarsa ta faɗa har ta gaji. Ciwon baya kuwa ba a magana. Hankalinsa yakan tashi in an hana shi aiki? Lalle, tun da kuɗin makarantar yara na jiransa. Ga huɗu sun cika, alhali bawan Allah ba jaraba ke damunsa ba, albashi ne bai kai ba.

Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 sun mutu da ciwon zuciya da shanyewar jiki saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Mai jaraba da mai bukata duk suna cikin haɗarin nan, amma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shawara yake so, na biyu ƙarin albashi.

Mu da ake koya wa tsara jarrabawa mun san jarrabawar lissafi da aka cika ta da Turanci mai wuya, Turanci take aunawa. Saboda haka wanda zai yi aiki da takardar nan ya fassara ta, ya ba wani wanda bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a kwatanta. Ya zauna da malamai kaɗan ya ji yadda suka fahimci kowace tambaya. Ya sake ba su bayan mako biyu ya ga ko amsa ta sauya. Ni kuwa da zan ƙara tambaya ta takwas: in da albashinka ya ishe ka, da za ka bar aikin yamma?