Bayan sallama daga asibiti, wa zai zauna da shi?

'Yan uwa marubuta, a labaranmu da zarar an ce "an sallame shi daga asibiti", sai mu rufe babi. Ga wanda aka yi wa tiyatar ciwon daji na baki kuwa, a nan jinyar take farawa.

Ku ɗauki manomin rani daga Bunkure da aka yi wa aiki a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka cire wani sashe na harshensa. Ya dawo gida, tuwo ya gagara, sai kunu da koko, wani lokaci ma ta robar hanci. Magana ba ta fita sosai. Shinkafarsa na jiran ruwan Tiga, shi kuwa kunya ta hana shi fita majalisa.

Masu dubiya za su cika gida da "sannu", kwana uku su watse. A ganina, wanda ya fi kowa amfani shi ne wanda aka taɓa yi wa irin aikin. Shi zai nuna masa yadda ya koyi haɗiya, ya hana shi komawa sigari, ya tsare shi kada ya fasa ganin likita don an kawo masa jiƙe-jiƙe.

Wani zai ce ai aikin likita ne. Gaskiya ne, amma likita yana Kano, ɗan uwan jinya kuwa kira ɗaya ya isa.

In kun san mai wannan lalura, ku haɗa shi da wanda ya warke. Sannan ku rubuta babin da muke tsallakewa.