Kafin Mu Ce Yaro Ya Lalace

Ku yi mini afuwa, yau ba da labarin soyayya na zo ba. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun da na dawo daga Anka, na yi ta juya ta dare da rana, har na ga in ban amayar da ita ba ba zan iya ɗora alƙalami a kan komai ba.

Ina da ɗa, ɗan ƙanwata ne, zan sakaya sunansa. A Bagega aka haife shi a 2008, daga baya rashin zaman lafiya ya sa suka tattara suka dawo cikin garin Anka. Yaron nan ya iya taka leda, ba don yana nawa ba, in ya ɗauko ƙwallo daga gefe sai ka ji fili ya ɗauki ihu. To kwanakin baya sai uwarsa ta kira ni a waya tana kuka, ta ce, "Yaya, ka zo ka yi wa ɗanka faɗa, ya lalace." Wai kocinsu ya kore shi don ya kai wa alƙalin wasa mari a kan bugun da bai kai ya kawo ba, sannan ita kuma da ta zo wanki ta ga ƙwayoyi a ƙulle cikin safarsa. Na shiga mota da huɗubata a shirye, irin wadda nake sa wa iyaye a baki cikin littattafaina, ta 'ya'yan zamani da abokan banza. Da muka keɓe a zaure na yi ta zuba, shi kuwa kansa a ƙasa yana wasa da yatsun ƙafa. Sai da na gaji don kaina sannan ya ɗago ya ce, "Kawu, in ban sha ba ban iya kwana. Da na rufe ido sai in ji ana gudu."

Wallahi sai bakina ya mutu. Domin na taɓa jin kusan irin wannan maganar, amma daga bakin wanda ya fi shi kuɗi sau dubu nawa.

Masu zuwa gidan kallo sun san Dele Alli. A Ingila aka haife shi a 1996, ubansa Bayarabe ne ɗan Najeriya. Ya zo Tottenham a 2015, sau biyu a jere ana zaɓensa gwarzon matasan 'yan wasan Ingila, a 2016 da 2017, ya kuma ci Siwidin ƙwallo da ka a Kofin Duniya na 2018. Daga nan sai tauraronsa ya fara dusashewa, aka kai shi Everton, aka ba da aronsa Besiktas ta Turkiyya, ko'ina ba labari. Me ba mu faɗa a kansa ba a kan bencin gidan kallo? Malalaci ne, kuɗi sun ruɗe shi, mata ne, ya samu duniya ya manta ƙwallo. Ni kaina na faɗa, har da buga cinya. Sai a watan Yulin 2023, yana da shekara 27, ya zauna da Gary Neville ya buɗe cikinsa yana hawaye. Ya ce uwarsa mashayiyar giya ce, yana ɗan shekara 6 wani da ke zuwa wurinta ya yi lalata da shi. Aka turo shi Afirka wai ya koyi tarbiyya, aka mayar da shi. Yana shekara 7 ya fara shan taba, yana 8 an ɗora shi kan sayar da ƙwaya, yana 11 wani ƙato ya rataye shi a jikin gada, sai yana 12 wasu bayin Allah suka ɗauke shi riƙo. Ya ce maganin barci ya zame masa jaraba, kuma ba shi kaɗai ba ne a cikin 'yan wasa, har sai da ya kai kansa wani gidan gyaran hali a Amurka ya yi mako shida.

Ku duba fa, mutumin da ƙungiyarsa ke da likitoci a gindinsa, ana auna nauyinsa da bugun zuciyarsa kullum, shekara ashirin yana ɗauke da wannan kaya ba wanda ya gani. Mu da muke kallo ta talabijin ƙafarsa kawai muke gani. Yaron nan ɗan shekara 6 yana nan cikin rigar, shi ma da shi ake buga wasan.

Kada wani ya ce ai wannan ciwon Turawa ne. Rashidi Yekini a Kaduna aka haife shi a 1963, a nan ya fara ƙwallo. Shi ne gwarzon Afirka na 1993, shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a Kofin Duniya a wasan Bulgeriya na 1994, ya rungume raga yana kuka, hoton da har yau ake bugawa a kalanda. Ƙwallo 37 ya ci wa ƙasar nan. Ƙarshen rayuwarsa a Ibadan ya yi shi a kaɗaice, jaridu suna ta rubuta cewa yana fama da taɓin hankali, wasu na kusa da shi suna musantawa, har ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012 yana da shekara 48. Ana ta jayayya a kan ko ya haukace ko bai haukace ba, kamar dai abu biyu ne kaɗai ke samun ɗan Adam, ko lafiya garau ko jifa da tsince-tsince a bola. Tsakanin waɗannan biyu kuwa akwai duniya guda ta masu ciwon damuwa da firgici da rashin barci, waɗanda suke sallah a sahu ɗaya da mu. Ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, ta yi bincike a 2015 ta samu kashi 38 cikin 100 na 'yan wasan da ta tambaya suna da alamun damuwa ko fargaba.

Ga kuma namu na Kano, Sani Kaita. Ranar 17 ga Yuni, 2010 muna cin Girka ɗaya da nema, zuciya ta ɗebe shi ya kai wa wani ƙafa a bakin layi, aka ɗaga masa jan kati, aka ci mu biyu da ɗaya. Kakakin tawagar ya ce saƙonnin barazanar kisa da aka aiko masa sun haura dubu. Yaro ɗan shekara 24, kuskuren daƙiƙa guda, ƙasa ta taru a kansa. Ban manta wannan ranar ba, ina cikin masu zaginsa. Abin da ke ba ni kunya yanzu shi ne, a daidai waɗannan makonnin da muke tsine wa Kaita, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ana ta haƙa ƙananan kaburbura.

Ga waɗanda suka manta, a watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da 'Yargalma da sauransu. Yaro ya fara amai, ya sanƙame, ya yi ta jijjiga, shi ke nan. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, ashe gubar dalma ce. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Aƙalla yara 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka 7 tsakanin 2010 da 2011, amma Bagega, da ta fi su girma, aka bar ta tana jiran kuɗi, yara kimanin 1,500 suna zaune cikin guba, domin likita ba ya fara magani alhali yaro zai koma ya kwanta a kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Sai da Human Rights Watch da su Hamzat Lawal na Follow The Money suka yi ta kururuwa kafin gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon 2013. Ɗan ƙanwata yana cikin waɗanda suka yi wannan jiran. Yana da shekara 2 aka binne yayarsa, yana da 5 ya fara shan maganin da ke wanke dalma daga jini.

Maganin yana rage gubar, amma abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ba ya dawowa yadda yake. Likitoci sun daɗe da sanin cewa dalma tana rage natsuwa da riƙe karatu, tana kawo saurin fushi da aikata abu kafin tunani. Ba na cewa duk yaron da ya tashi a Bagega haka yake, Allah ya kiyaye, da yawa sun girma lafiya lau, kuma ba zan so a maida sunan garin abin gori ba. Amma ku yi lissafi da ni. Wanda yake goye ko yake tatata a 2010, yau saurayi ne, daidai shekarun da ake ɗaukar yaro a ƙungiya, ake kai shi gwaji Gusau ko Kano ko Kaduna. A kan gubar kuma sai aka ɗora masa 'yan bindiga. A watan Janairun 2022 kaɗai an kashe mutane a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce 58, mazauna suka ce sun kai 200. Yaron da ya kwana a daji yana jin harbi, ya ga an ɗauko gawar maƙwabci a amalanke, shi ne muke sa wa riga mai lamba mu ce ya natsu ya bi umarnin koci. In ya kasa sai mu ce ba shi da tarbiyya.

Ƙwaya kuwa ba sai ya je nemanta da nisa ba. Tiramol ta daɗe da zama abokiyar aikin ƙarfi, mai haƙa a rami yana sha, ɗan acaɓa yana sha, to me zai hana ɗan ƙwallo da ake so ya yi minti casa'in cikin rana da kokon safe a cikinsa? Ta safe don ya yi gudu, ta dare don ya samu barci. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, a shekarar ce kuma aka hana haɗa maganin tari mai kodin bayan fim ɗin binciken da BBC ta yi. Sannan ga wani abu da yaranmu ba su sani ba, tun ranar 1 ga Janairu, 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta tiramol a lokacin gasa. Ke nan wanda ya saba da ita a filin unguwa, ranar da Allah ya ɗaga shi aka gwada fitsarinsa, ranar ce za a dakatar da shi.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a Anka. Wani dattijo ya ce, "Malam, mu ma mun sha wuya, mun yi yunwa mun binne 'yan uwa, ba mu sha ƙwaya ba." Gaskiya ne, kuma ban raina haƙurinsu ba. Amma icce ɗaya ake sara, wani reshe ya tsiro wani ya bushe. Kuma da yawa cikin waɗanda muke cewa sun jure, matansu da 'ya'yansu ne suka san irin juriyar. Wasu kuma za su ce a kai shi a yi masa ruƙiyya. A yi, addu'a ba ta taɓa zama asara ba, ni ma na sa an yi. Sai dai wanda ya karye a fili ba ma tsayawa ga tofi, mai ɗori muke nema. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, akwai na Barnawa a Kaduna, an kuma sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma fa uwa ta gwammace a ce ɗanta aljanu ne suka shafe shi da a ce an gan shi a Kware, saboda gobe za a nema masa aure.

A nan ne laifinmu yake, mu marubuta. Sau nawa na rubuta ɗan shaye-shaye a littafi? Kullum jajayen idanu, baƙin leɓe, ya shigo ya sace sarƙar uwarsa, a shafi na gaba ya haukace ko mota ta take shi, mai karatu ya ce Allah ya ƙara. Ban taɓa ba shi yarinta ba. Jarumar labari kuwa sai in ɓata babi uku ina bayanin wuyar da ta sha a hannun kishiyar uwa, don a tausaya mata in ta yi kuskure. Mu muka koya wa makaranta wanda za su ji tausayi da wanda za su tsine wa, su kuma makarantan nan su ne iyaye mata, su ne matan koci da na mai unguwa.

Ba wai ina neman a daina hukunci ba ne. Wanda ya mari alƙalin wasa a dakatar da shi, daidai ne. Abin da nake roƙo wurin masu horar da yara a filayenmu, tun daga na unguwa har Zamfara United, shi ne kafin a ce tafi kada ka dawo, a zaunar da yaro a tambaye shi inda ya tashi, da wa ya rasa, da ko yana samun barci. Tambayar ba ta cin ko sisi. Hukumar ƙwallo ta jiha kuma, tunda tana iya tilasta wa ƙungiya ta kawo hoton ɗan wasa da takardar haihuwarsa, tana iya haɗa kocin nan da ma'aikacin lafiya ko da sau ɗaya a shekara ya nuna musu alamun da za su lura da su. MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha a 2022, yaran da ta yi wa magani kuwa ba su ɓace ba, suna nan sun yi gemu.

Kafin in baro Anka na sa ƙanwata ta buɗe tsohuwar adakarta, ta fito da katin asibitin yaron na 2013, ya yi jawur don tsufa amma ana ganin lambobin awon jininsa. Da shi muka je wurin wani likita a Gusau, ya daɗe yana dubawa, ya keɓe da yaron kusan awa guda, ya ce a dawo da shi bayan mako biyu kuma kada a yanke masa ƙwayar dare ɗaya. Na kuma je na samu kocin a bakin fili da la'asar na ba shi labarin tun daga farko. Ya yi shiru yana kaɗa usur a hannu, can ya ce shi ma ƙanensa biyu aka binne a shekarar. Ya ce yaron ya zo atisaye ranar Asabar, amma sai ya fara zuwa gidan alƙalin wasan ya ba shi haƙuri.