A Rage Tsaraba, A Tafi Da Yara

Duk wanda ya san ƙasar Gaya da Ajingi ya san cewa bayan gero da dawa da gyaɗa da waken da take nomawa, akwai wani amfani da take fitarwa kowace shekara wanda ba a auna shi da tiya, watau 'ya'yanta maza, waɗanda da zarar an kai amfanin gona rumbu sai su ɗaure 'yan komatsansu su nufi Kano, ko Kaduna, ko Abuja, ko Ikko, waɗansu da niyyar cin rani su komo da faɗuwar ruwa, waɗansu kuwa zama ya miƙe musu a can har su yi aure su hayayyafa. Garin Kademi, da ke cikin ƙaramar hukumar Gaya, bai kuɓuta daga wannan hali ba, don da wuya ka shiga gida ka fita ba a ambata maka ɗa ko ƙane da ke birni yana neman halaliyarsa ba. Saboda haka abin da mutanen waɗansu ƙasashe ke kira tafiyar hutu, su kwashi iyali su tafi bakin teku ko kan duwatsu, mu a nan tamu ita ce tafiyar zumunci: zuwa gida da Sallah, kai mace ganin gida, halartar suna da biki, da aika yara wurin kakanni ko baffanni idan an rufe makaranta. Wannan tafiya ce nake ganin tana neman kuɓuce wa talaka, kuma ita nake son mu yi shawarar yadda za a cece ta.

Dalilin da kowa ke fara kawowa sananne ne, kuma gaskiya ne. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya yi shelar janye tallafin man fetur, litar da ake saya a hukumance ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuwa ta zarce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Direban da ke jigila tsakanin Kano da Wudil da Gaya har zuwa Dutse ba shi da wata rijiyar mai a bayan gidansa, tilas abin da ya ƙaru a kansa ya ɗora wa fasinja. Magidancin da a da yake kwasar matarsa da 'ya'yansa huɗu ko biyar ba tare da ya yi dogon lissafi ba, yanzu sai ya zauna ya ƙidaya kawuna, ya ƙidaya kujeru, ya tuna akwai dawowa, sa'an nan ya dubi uwargida ya ce, "Bana dai ku yi haƙuri, ni kaɗai zan leƙa in gaida su Inna, baɗi in Allah ya kai mu sai mu tafi gaba ɗaya." Baɗin ta zo, a sake maimaita maganar, har yaro ya kai munzalin shiga sakandare bai san ƙofar gidan da aka haifi ubansa ba, bai san kakarsa ba sai muryarta a waya.

Amma fa idan aka yi wa mas'alar duban tsanaki, za a tarar kuɗin mota, duk da tsadarsa, ba shi kaɗai ke cinye aljihun matafiyi ba, galibi ma ba shi ne mafi nauyi ba. Magidancin nan da ya ce ba shi da kuɗin kujerun yara, shi ne za ka gani a tasha ranar jajibiri da buhun shinkafa, da katan ɗin taliya, da turamen atamfa, da sabulu, da burodi cike da leda, da goro, ɗan kamasho na yi masa kuɗin kaya dabam, shi kuwa yana sanye da sabuwar shadda wadda bai gama biyan tela ba. In ka tambaye shi, amsarsa guda ce: "Ai ba na shiga gida hannu rabbana, a ce wane ya zo daga birni." To, wannan "a ce" ɗin ita ce ta hana yara zuwa. Kunyar idon jama'a, da son a yi zaton an samu alhali ba a samu ba, su ne suka zaune a kujerun da ya kamata jikoki su zauna, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu kira abin da sunan da malamai suka ba shi, watau israfi da aka cuɗanya da riya.

Ba ina cewa tsaraba aibu ce ba. Kyauta tana ƙara soyayya, kuma ɗan da ya isa gaban mahaifiyarsa da abin da zai faranta mata rai ya yi aikin lada. Sai dai shari'a ta jera al'amura bisa daraja, ta sa wajibi a gaba da mustahabbi, ta kuma rataya ko da manyan ibadu a kan iko. Hajji, wanda yake rukuni ne daga rukunan Musulunci, bai wajaba ba sai ga wanda ya sami istiɗa'a. Layya kuwa, a wurin malamanmu na mazhabar Malikiyya, sunna ce ga wanda kuɗin dabbar ba zai taɓa larurar shekararsa ba. To, idan Ubangiji Maɗaukaki bai ɗora wa bawa cin bashi don ya yanka rago ba, wace hujja ce za ta sa bawan ya ɗora wa kansa bashi don turmin atamfa, har ya bar sada zumunci tsakanin 'ya'yansa da danginsu, abin da aka yi horo da shi aka kuma tsoratar a kan yanke shi? Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar yaro tana cikin ƙafafun da ake nufi.

Abu na biyu da ke tsawwala tafiya shi ne lokacin da muka zaɓar mata. Kowa so yake ya tashi ranar jajibiri, ranar da motoci suka yi kaɗan, fasinja suka yi yawa, direba ya ga dama ya ninka kuɗi, aka cusa mutum biyu a gaba huɗu a baya, mata na riƙe da yara a cinya cikin zafi, ana ta rigima a kan inda za a ɗora buhu. Wanda ya tashi kwana uku ko huɗu kafin haka, ko ya haƙura ya yi Idi inda yake ya tafi bayan an watse, hanya guda zai bi da kuɗi mafi sauƙi da kwanciyar rai. Akwai kuma wani abin lura wanda manomin Kademi ya fi ni saninsa. Da yake watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, Babbar Sallah ta 2024 da ta 2025 duk a watan Yuni suka faɗo, daidai lokacin shuka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, kowane gida yana neman kuɗin taki da na ƙodago. Baƙi goma a irin wannan lokaci nauyi ne a kan mai masauki, ko da ba zai taɓa furtawa ba, kuma kuɗin da ɗan birni ya ƙona a kan hidimar nuna isa, da ya aiko da shi an sayi taki, da ya fi amfani ga gidan baki ɗaya.

Don haka ra'ayina shi ne babbar ziyarar iyali a mai da ita kaka. Hutun makaranta na watan Disamba yana zuwa ne bayan an yanke dawa, an roro wake, an cire gyaɗa, gari ya yi sanyi, abinci ya wadata, tsofaffi sun sami sukunin zama a yi hira. Yaron birni da ya zo a wannan lokaci zai ga yadda ake sussuka da shiƙa, ya ga yadda ake ɗaura dami a kai rumbu, ya bi sa'o'insa kiwo, ya sha fura da nonon da bai kwana a firji ba, ya ji daga bakin kakansa sunayen iyaye da kakanni waɗanda babu littafin makarantar da zai gaya masa. Ranar komawa kuma ba a rasa abin da za a ɗaura wa uwarsa, na daga gero, da wake, da daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, wani lokaci har da kaza, abin da in an yi lissafi yakan rage wani kaso na kuɗin motar da aka kashe. Wanda ke Ikko ko wani gari na kudu sai ya lura, can kuɗin mota yakan tashi gab da Kirsimeti, saboda haka ya taso da wuri.

Game da tara kuɗin tafiyar, ba mu da bukatar aron dabara daga ko'ina, don iyayenmu mata sun riga mu sanin tadbiri. Adashe yana nan, asusu yana nan, kiwon ɗan akuya ko tunkiya a bayan ɗaki yana nan. Magidancin da ya ware ɗan abin da ya sawwaƙa kowace Juma'a tun daga farkon shekara, ko ya shiga adashe ya roƙi a ba shi kwasarsa a watan da zai yi tafiya, ba zai tsaya gaban kowa yana murza hula yana neman rance ba. 'Yan gari ɗaya da ke zaune a unguwa guda a Kano, in sun haɗa kai gida uku ko huɗu suka yi shatar mota guda, sun huta da jiran tasha, sun huta da kuɗin kaya, matansu kuma sun yi tafiya cikin mutunci tare da waɗanda suka sani. Guzuri a yi shi a gida, ko dambu ne ko gurasa ko ƙosai, da ruwa a jarka, domin sayen ciye-ciye ta tagar mota a kowane tsayi yana tsiyayar da kuɗi ba a ankara ba. Tsarabar da ta zama dole kuma, irin su sabulu da sukari da goro, ana sayar da ita a kasuwannin Wudil da Gaya; ɗauko ta tun daga birni a biya mata kuɗin kaya wahala ce kawai.

Wuri guda ne ban yarda a yi tsimi ba, shi ne abin da ya shafi rai. Hawa saman babbar mota a kan kaya don kuɗinta ya fi araha, ko shiga motar da aka yi wa lodi ya wuce kima, ko tafiyar dare da ƙananan yara don a riski wata hidima, duk ba tattali ba ne, ganganci ne, kuma mun sha jin yadda irinsa ke ƙarewa a manyan hanyoyin ƙasar nan a lokutan Sallah. Gara a jinkirta tafiya mako guda a cika kuɗin mota mai lafiya.

Sa'an nan tafiyar ba ta fuska ɗaya ba ce. Yaran da ke Kademi da ƙauyukan Ajingi su ma suna da haƙƙin su ga abin da ke bayan gonakinsu, kuma Allah ya sa abin kallo mafi daraja yana kusa da su, ba ya bukatar masauki na kuɗi muddin akwai baffa ko gwaggo a birni. Yaron ƙasar Gaya da aka hau da shi dutsen Dala, aka gaya masa cewa bisa ruwayar da aka gada, maƙeran da suka fara zama a gindin dutsen nan don neman tama daga Gaya suka zo, shi ya sa ake kiran zuriyarsu Abagayawa, zai sauko da sanin cewa garinsu yana da hannu a kafuwar Kano kanta. Daga nan ga kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ga Gidan Makama da kayan tarihinsa, ga marinar Ƙofar Mata, ga gidan namun daji da ke ɗauke da sunan Audu Bako, gwamnan jihar Kano na farko. Hawan Sallah na Kano, wanda hukumar UNESCO ta shigar cikin jerin al'adun duniya abin kiyayewa a watan Disamba na 2024, mutane na biyan kuɗin jirgi daga Turai don su gan shi, alhali ɗan Kademi a shekarar da aka yi hawan ba ya bukatar komai sai kuɗin mota da wurin tsayawa a bakin hanya. Yini biyu na irin wannan yawo, da guzurin gida, bai kai kuɗin ɗinkin shadda guda ta maigida ba.

Na san akwai mai cewa waya ta ɗauke wannan wahala, tunda ana gaisawa kullum, ana ganin fuska a WhatsApp, ana tura kuɗi a karɓa wurin mai POS a bakin kasuwa. Lalle waya ni'ima ce, kuma ta sauƙaƙa aike. Amma tsohuwar da ke son ta ɗora jikanta a cinya, ta shafa kansa, ta yi masa wasan miji ko na kishiya, ta sa masa albarka, waya ba ta biya mata wannan bukata ba. 'Yan'uwan da ba su taɓa cin tuwo a kwano ɗaya suna yara ba kuwa, da wuya su san nauyin juna ranar da iyaye suka kau aka zo rabon gona.

Kirana na farko ga iyayenmu da ke gida ne, maza da mata, domin maganarsu ce kaɗai za ta cire wa ɗan birni wannan kunya: ku faɗa masa da bakinku, tun kafin lokacin tafiya ya zo, cewa ya bar buhun shinkafa ya kawo muku jikokinku, kuma ku hana 'yan gida tarbar baƙo da tambayar tsaraba tun bai ajiye jaka ba. Malamai kuma su taɓo wannan a huɗubar Juma'a da wuraren karatu, yadda suke taɓo tsadar lefe. Ku kuma magidanta 'yan Kademi da Gaya da Ajingi da ke Kano da sauran garuruwa, ku fara jefa wani abu a asusu daga Juma'ar nan, ku yi magana da 'yan garinku a kan mota guda, in hutun kaka ya zo ku tafi da uwargida da yara gaba ɗaya.