Wace Mota Za a Shiga a Tashar Kaura? Lissafin da Masu Hawa Jirgin Ruwan Shaƙatawa Suke Yi

Kamfanin Cunard na Ingila yana da manyan jiragen ruwa huɗu da masu kuɗi ke hawa don shaƙatawa. Sabon cikinsu shi ne Queen Anne, wanda ya fara aiki a 2024. Tsohon cikinsu kuma Queen Mary 2, ya fara ɗaukar fasinja tun 2004. Duk wanda aka ce ya zaɓa da ido, sabon zai nuna. Amma waɗanda suka saba da harkar sukan yi wani ɗan lissafi kafin su biya: a ɗauki girman cikin jirgin, a raba da yawan fasinjojin da yake ɗauka. Queen Anne tana da ma'aunin girma kusan 113,000 da fasinja kusan 3,000, wato kowane mutum ya tashi da kusan 38. Queen Mary 2 tana da kusan 150,000 da fasinja kusan 2,700, kowa ya tashi da kusan 55. Tsohon jirgin ya fi sabon sarari nesa ba kusa ba, kuma shi ne aka ƙera musamman don ratsa Tekun Atalantika mai yawan igiya.

Mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Kaura Namoda da wannan. Ruwansa yana nan, domin kullum da safe irin wannan zaɓin ake yi a tasha, sai dai ba tare da lissafi ba. Ga Sharon, ga Golf, ga Homa, ga 'yan kamasho kowa na jan jakar fasinja. Mai tafiya Shinkafi ko Zurmi ko Gusau yana duba fenti, yana duba wadda ta kusa cika, sai ya shige. Jirgin ƙasa ya iso Kaura tun 1929, a nan layin da ya taso daga Zariya ya tsaya, amma yau titin mota ne ke ɗauke da kusan kowace tafiya. Zaɓen mota ya cancanci a yi masa tunani fiye da yadda ake yi.

Lissafin sarari shi ne mafi sauƙi. Motar da ake kira Sharon, wato Volkswagen Sharan, kujera bakwai aka yi mata har da ta direba, fasinja shida ke nan. A tasha an saba zuba mutum biyu a gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya, sannan a ɗaure buhuna a bayan but har ƙofar ba ta rufuwa. Golf mai ɗaukar fasinja huɗu takan ɗauki shida. Matsin ba ƙafa kaɗai yake gajiyarwa ba. Nauyin da ya wuce ƙima yana ƙara nisan da mota ke yi kafin birki ya tsayar da ita, yana ɗumama taya, kuma mutum biyu a kujera ɗaya ba mai iya ɗaura bel. Tsohuwar Homa da ta tsaya a adadin kujerunta ta fi sabuwar Sharon mai mutum tara, ko da ta biyun tana da esi da wurin cajin waya.

Sai wurin zama. A jirgin ruwa an san cewa ɗakunan tsakiya na ƙasa-ƙasa su ne ba sa jin lilo sosai, shi ya sa masu saurin jiri suke nemansu. Haka abin yake a mota: kujerun da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya sun fi natsuwa, layin ƙarshe da ke kan tayar baya shi ke shan kowane rami. Tsoho, ko mai juna biyu, ko mara lafiyar da za a kai asibiti a Gusau, tsakiya ya kamata a nema musu, ba gaba da kowa ke rububi ba.

Abin da ya fi duka muhimmanci kuma ba mai duba shi: shekarun taya. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, ƙarshensa lambobi huɗu ne. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗin cewa taya tana tashi daga aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta, ko da zanenta bai goge ba, domin roba tana bushewa tana tsagewa daga ciki. Yawancin motocin haya kuwa da tayar gwanjo suke yawo, wadda ta gama rayuwarta a Turai kafin ta iso nan. Sunkuyawa a karanta lambobi huɗu ba ya cin minti ɗaya. A wannan yankin kuma fashewar taya ba haɗari ɗaya ba ne. Motar da ta tsaya a daji tsakanin Kaura da Shinkafi, ko a hanyar Zurmi zuwa Jibiya, kowa ya san abin da fasinjojinta ke tsoro, kuma ba zafin rana ba ne.

Don haka ne daɗin tafiya a nan yake da ma'ana daban da ta masu jirgin ruwa. Su suna tambayar faɗin ɗaki da kyan abinci. Mutumin Zurmi tambayarsa ita ce ƙarfe nawa motar za ta tashi, ko za ta isa kafin la'asar, ko direban ɗan hanyar ne da ke samun labari daga abokan aikinsa. Motar da ta fi kyau amma ta rage mutum huɗu ta cika da ƙarfe uku na yamma, ba ita ce mai daɗi ba.

Bambanci na gaske tsakanin fasinjan Cunard da fasinjan Kaura bai tsaya ga kuɗi ba. Na farkon yana da bayani a hannu kafin ya biya: shekarar da aka ƙera jirgi, shekarar da aka yi masa kwaskwarima, taswirar kowane bene. Na biyun ba shi da komai sai bakin ɗan kamasho. Wannan giɓi ne da masu rubuta manhaja za su iya cikewa, kuma ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya nan a Kaura cike da ɗaliban kwamfuta masu neman aikin kammala karatu.

Sai dai a yi hattara da kwaikwayon Uber da Bolt. Irin waɗannan manhajoji an gina su ne don birnin da intanet ba ya yankewa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara na makonni saboda matsalar tsaro, kuma har yau sabis a ƙauyuka da yawa sai an hau tudu. Manhajar da ba ta buɗewa sai da data, ranar da aka fi bukatarta ita ce ranar da za ta mutu. Tsarin da zai yi aiki shi ne na danna lamba irin ta banki, ko gajeren saƙo, wanda ƙaramar waya ma ke iya yi: a tura lambar mota, a samu amsar adadin kujerunta, shekarar tayoyinta, da ranar da aka duba birkinta. Idan sabis ya ɗauke, takarda mai ɗauke da bayanin nan manne a gilashi ta wadatar.

Akwai kuma abin da bai kamata a saka ba, ko da ana iyawa. Nuna inda mota take a taswira kai tsaye, ko sunayen waɗanda ke ciki, ko cewa 'yan kasuwa ne ke dawowa daga cin kasuwar Shinkafi, wannan hidima ce ga infoma. Bayanin lafiyar mota na kowa ne. Bayanin tafiyarta ya tsaya tsakanin direba da ofishin tasha.

Wahalar aikin ba ta rubuta manhajar ba ce, mako biyu ya isa. Wahalar ita ce wa zai riƙa shigar da bayanin, kuma me zai hana shi yin ƙarya. Ƙungiyar direbobi ta NURTW ita ke riƙe da layin lodi, ita ke karɓar kuɗi kan kowace motar da ta tashi, saboda haka ba a iya tsallake ta. Hanya ɗaya ita ce a ɗauki hoton lambar taya a gaban jami'in tasha duk wata uku, a ba motar da ta cika sharaɗi damar karɓar ƙarin kuɗin kujera a fili. Dama akwai masu biyan kuɗin mutum biyu don su zauna su kaɗai a gaba, kuma irinsu ne za su fara biyan wannan ƙarin.