Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Mu Shirya Tambayoyinmu Tun Yanzu

Ya ku 'yan'uwa talakawa, maza da mata, masu rumfa da 'yan tebur, 'yan dako da masu tura kura, ku matso ku ji. Zaɓe na tafe. Kafin ya iso za a kira masu neman kujerar Gwamnan Kano su zauna a zaure guda, a yi musu tambayoyi, su ba da amsa duniya tana ji. Wannan zama shi ake kira muhawara. Abin da muke so mu faɗa a makon nan guda ɗaya ne. In ba mu ne muka shirya tambayoyin ba, waɗansu za su shirya mana, sa'an nan a tashi taro ba a taɓo ko ɗaya daga cikin abubuwan da ke hana mu barci ba.

Mu fara duba inda kujerar take. Gidan Gwamnati yana Nassarawa, watau unguwar da Turawa suka keɓe wa kansu a zamaninsu. A nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a 1909, gidansa kuwa yana nan har yau. A wancan zamani talaka ba ya shiga unguwar sai in shi kuku ne, ko boyi, ko mai gadi. Turawa sun tafi tun 1960, amma wanda duk muka zaɓa can zai tare, bayan dogon bango, da 'yan sanda a bakin ƙofa. Daga ranar da ya shiga, ganinsa sai da takarda, sai da hanya, sai da wani ya san wani. Ashe ke nan ranar muhawara ita ce ranar da mai neman kujera ke tsaye gabanmu ba dogari tsakani, yana bukatarmu fiye da yadda muke bukatarsa. Wanda ya bar wannan rana ta wuce shi, sai ya jira shekara huɗu.

Kada kowa ya ce ƙuri'arsa ba kome ba ce. A 2019 ratar da ke tsakanin Abdullahi Umar Ganduje da Abba Kabir Yusuf ba ta kai ƙuri'a 9,000 ba, bayan an sake zaɓe a waɗansu wurare, har da mazaɓar Gama da ke cikin ƙaramar hukumar Nassarawa ɗin nan. A 2023 Abba ya sami ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna ya sami 890,705. Masu takara sun san wannan lissafi sarai. Sun san kuma yawan mutanen da ke cin abinci a Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa da Kurmi da Dawanau da 'Yan Kaba. Mu ne kaɗai muke mantawa da nauyinmu.

Muhawara ba baƙuwa ba ce gare mu. A 1993 ɗan Kano, marigayi Bashir Tofa, ya zauna da Moshood Abiola a talabijin 'yan kwanaki kafin zaɓen 12 ga Yuni, jama'a suka ji kowannensu da kunnensu, Abiola kuwa ya ci Jihar Kano. A watan Maris na 2011 Malam Ibrahim Shekarau, yana Gwamnan Kano, ya zauna da Muhammadu Buhari da Nuhu Ribadu, mutane da yawa suka yaba da iya maganarsa, amma da aka ƙirga ƙuri'u shi ne na huɗu, bai kai miliyan ɗaya ba. Goodluck Jonathan da bai zo wannan zama ba shi ya ci. A watan Janairu na 2019 aka shirya wata a Abuja, Buhari bai zo ba, Atiku Abubakar ya iso wurin ya juya, aka bar ƙananan 'yan takara uku suna magana. A Janairu na 2023 kuwa sashen Hausa na BBC ya tara masu neman Gwamnan Kano aka yi da harshenmu.

Me muka koya a nan? Daɗin baki ba shi ne cin zaɓe ba, kuma manya sukan guje wa zaman in sun ga ba abin da zai same su. Amfanin muhawara gare mu shi ne mu sa mutum ya ɗaure kansa da bakinsa a gaban shaidu. Magana zarar bunu ce. In ya faɗi adadi ya faɗi rana, mun sami igiyar da za mu riƙe shi da ita. In kuwa ya ce zai inganta kasuwanci, zai bunƙasa ilimi, zai share hawayen talaka, to, iska muka kama.

Ku tuna da 1979. An yi wa talakawa alkawarin soke haraji da jangali, Muhammadu Abubakar Rimi ya hau kujera a Kano, Balarabe Musa a Kaduna, suka soke. Makiyayin da bai taɓa shiga aji ba ya san an cika wannan alkawari, don mai karɓar jangali bai sake zuwa rugarsa ba. Irin alkawarin da muke nema ke nan, wanda jahili da malami duka za su iya aunawa.

To, ga yadda muke gani ya kamata a yi shiri.

Na farko, tambaya ta fito daga kasuwa. Kowane layi, kowace ƙungiya, kowane reshe na unguwa ya kira mitin, a sa sakatare ya rubuta abin da ke damun mutane da bakinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A kira mata masu ƙosai da masu dambu da masu saƙa a cikin gida, wadda ba za ta fito ba a aika mata 'yar'uwarta ta ɗauko maganarta. Sa'an nan wakilan kasuwanni su haɗu su tace, kada a wuce tambaya goma. Wanda ya je da tambaya hamsin ya ba ɗan takara dama ya zaɓi masu sauƙi.

Na biyu, mu san abin da ke hannun Gwamna da abin da ba ya hannunsa. Kuɗin man fetur, da darajar naira, da kwastan a kan iyaka, duk na Gwamnatin Tarayya ne. In ka tambayi mai neman Gwamna a kansu, ka ba shi hutu, zai yi ta zagin Abuja har lokacinsa ya ƙare. Abin da ke hannunsa shi ne ƙasa, gama Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha ga Gwamna, shi ke ba da takardar mallaka a birni, shi ke ƙwacewa. Ruwan famfo nasa ne, da asibitocin jiha, da makarantun jiha, da hukumar tara haraji, da KAROTA, da 'yan kwana-kwana. Shi ke kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Jiha mai wakilai 40. A kan waɗannan za mu tsare shi.

Na uku, kowace tambaya ta nemi abu uku: nawa, yaushe, daga ina kuɗin zai fito. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a koya masa wannan. Wanda ya zo karɓar kaya bashi, ai ba ka sallamarsa sai ka ji nawa zai biya, ran da zai biya, da wanda ya tsaya masa. Ƙuri'a ma bashi ce muke bayarwa na shekara huɗu. Ba a cinikin biri a sama.

Ga misalin tambayoyin da muke nufi.

A kan filaye. Gwamnati ɗaya ta ba da izinin gina shaguna a Filin Idi, mutane suka saya da guminsu, gwamnatin da ta biyo ta ta rushe a watan Yuni na 2023. Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Manya sun yi rigimarsu, wanda ya yi asara shi ne mai shago. Tambaya: mutumin da ya sayi rumfa da takardar gwamnati a hannunsa, wace doka za ka kai Majalisa da za ta kare shi in mulki ya sake hannu, kuma a wata na nawa?

A kan gobara da ambaliya. Kasuwar Sabon Gari ta ƙone a watan Maris na 2016, dubban rumfuna suka zama toka. Ruwa ya shiga Kantin Kwari a watan Agusta na 2022 ya lalata atamfa da shadda masu yawan gaske, 'yan kasuwa da dama kuwa sun ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanan ruwa. Tambaya: motar kashe wuta nawa za ka ajiye a kowace babbar kasuwa, da ruwa a cikinta, kuma wa zai hana a sake yanka hanyar mota a mai da ita shago?

A kan haraji. A watan Fabrairu na 2021 'yan adaidaita sahu suka ajiye aiki saboda naira 100 da aka ɗora musu kullum, Kano ta koma tafiya da ƙafa. Mai tebur kuwa yakan ga masu rasit iri iri a mako guda. Tambaya: haraji nawa ne doka ta yarda a karɓa daga mai tebur, kuma za ka buga jerinsu da Hausa da ajami a kafa a ƙofar kowace kasuwa kafin ka cika kwana 100?

A kan ruwa. Akwai matatar Challawa, da ta Tamburawa, da ta Watari, ga madatsar Tiga tun zamanin Audu Bako, amma unguwanni da yawa 'yan garuwa ne famfonsu. Tambaya: ambaci unguwa biyar da ruwa zai zo musu a shekararka ta farko, ka faɗi nawa za ka ware.

Na huɗu, mai tambaya ya bar gaisuwa da kirari a gida. Mun sha gani an ba mutum dama, ya tashi ya yi ta ranka ya daɗe, ya yabi mai girma, ya yabi iyayensa, kafin ya kai ga magana an karɓe abin magana daga hannunsa. Sallama ɗaya ta isa. Ka faɗi kasuwarka, ka karanta tambayarka, ka zauna. A zaɓi masu tambaya tun da wuri, su maimaita a gaban 'yan'uwa har bakinsu ya saba.

Na biyar, a shirya wa zamiya. Ɗan siyasa ya ƙware a kan a tambaye shi hanyar Wudil ya nuna ta Bichi. Maganin wannan shi ne mai tambaya na biyu ya ajiye tasa, ya ce cikin ladabi, ɗan'uwana ya tambayi nawa, ba mu ji adadin ba. In na uku ma ya maimaita, duk mai saurare a rediyo ya gane wanda ke gudu.

Na shida, tambaya ɗaya ga kowa, har da namu. Wannan ita ce mai ɗaci, amma dole mu faɗe ta. In muka tsare na wasu muka lallaɓa namu, mun zama 'yan amshi, kuma ba wanda zai sake ɗaukar tambayarmu da daraja. Wanda muke so ma ya fi cancanta mu zaunar da shi tun kafin ranar, mu yi masa tambayoyin nan ba sassauci. In bai san kuɗin kwanon masara a Dawanau ba, ko kuɗin jarkar ruwa a Kurna, gara ya ji kunya a gabanmu da ya ji ta a gaban duniya.

Na bakwai, a rubuta amsa. Kowace ƙungiya ta sa mutum biyu, ɗaya da alƙalami, ɗaya da waya yana ɗaukar murya. A buga amsoshin a takarda, a ajiye wa sakatare. Kowace shekara, ran da Gwamna ya cika shekara a kan kujera, a kira mitin a karanta: ga abin da ya ce, ga abin da ya yi. Alkawari kaya ne, amma sai in akwai mai tuna wa mai ɗauke da shi.

Akwai kuma abin da muke nema daga masu shirya zaman. A yi da Hausa. A sa a rediyo kai tsaye, a lokacin da mutane suka tashi daga kasuwa. A ware wa wakilan kasuwanni kujeru, kada katin gayyata ya ƙare a hannun masu manyan riguna. Kada a nuna wa ɗan takara tambaya kafin a shiga. Wanda aka gayyata ya ƙi zuwa, a bar kujerarsa da sunansa a jiki, a karanta tambayoyin a gabanta, jama'a su ji shirun. Mutumin da ya raina mu yana nema, me zai yi in ya samu?

Daga ƙarshe muna gargaɗin samarinmu. Ranar muhawara ba ranar ihu ba ce, ba ta gora da barandami ba. Duk wanda ya ta da hayaniya ya yi wa mai gudun tambaya aiki kyauta, don za a tashi taro ya fita yana murmushi. Mai ba ka kuɗi ka je ka yi ihu, ɗansa yana makaranta a lokacin.

Jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Shugabannin layi su kira mitin a makon nan, sakatarori su ɗauko littafi, a fara rubutu. Wanda zai kwana shekara huɗu a Nassarawa da ƙuri'armu, ya fara tsayawa ya amsa mana tukuna. Allah ya ba mu shugabanni masu jin tsoronsa, ya ba mu kuma bakin tambayarsu. Amin.