Ra'ayinmu: Tsakanin Sararin Samaniya da Fadamar Jega

A daren 25 ga Disamba, 2025, sojojin Amurka sun harba makamai masu linzami kan wasu wurare a Jihar Sakkwato da amincewar gwamnatin Nijeriya, kuma ɓaraguzai suka faɗo a Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Duk wanda ya saba bin hanyar Jega zuwa Sakkwato ya san daga Aliero zuwa Tambuwal ba wata tafiya ba ce. Abin da a da sai a rediyo muke jin labarinsa daga Isra'ila ko Yukren, ga shi ya sauka a maƙwabta. Saboda haka ba laifi ba ne mutumin Jega ko Maiyama ya tambaya: shin ƙasarmu tana ganin abin da ke ratsa samaniyarta, kuma tana iya tare shi? Tambayar ta cancanci amsa, amma dole a auna ta tare da wasu buƙatu biyu masu jiran kuɗi daga baitulmali guda: tauraron ɗan'adam da wutar lantarki.

Masu kiran a sayi garkuwar kakkaɓo makamai suna da hujja. A Satumbar 2019, hari da jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami kan cibiyar mai ta Abƙaiƙ ya tsayar da kusan rabin man da Saudiyya ke haƙowa. A arewa maso gabashin ƙasar nan, 'yan ta'adda sun fara ɗora bama-bamai kan ƙananan jirage marasa matuƙa. Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, kuma madatsar Kainji da babbar tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi wurare ne da in aka taɓa su jihohi da dama za su shiga duhu.

Sai dai lissafin kuɗin yana da nauyi. Makamin kariya na Patriot guda ɗaya yana kai wa kimanin dala miliyan 4. Shirin garkuwar da Shugaba Donald Trump ya sanar a 2025 an ƙiyasta shi a dala biliyan 175, kusan ninki biyar na kasafin kuɗin Nijeriya na shekarar 2025. Garkuwar Iron Dome ta Isra'ila da ake yawan ba da misali da ita, ƙasar da take karewa ba ta kai faɗin Jihar Kebbi ba. Sannan mu dubi yadda masu kashe mu suke zuwa. Waɗanda suka kwashe ɗalibai a Birnin Yauri a Yunin 2021, da Lakurawan da suka afka wa Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwambar 2024, da waɗanda suka sace 'yan mata a makarantar Maga a Nuwambar 2025, duk ta ƙasa suka shigo, da bindigogi. Babu garkuwar sama da za ta tare ayarin babura.

Batun tauraron ɗan'adam ya fi kusa da gonakinmu. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumbar 2003. Tauraron sadarwa na NigComSat-1, wanda Sin ta harba a 2007, ya mutu a Nuwambar 2008, abin da masu suka ba su manta ba har yau. A 2011 aka ƙara NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa a Ingila, sannan NigComSat-1R mai wa'adin shekara 15. Dukkansu tsufa ya cim musu. Masu cewa an yi ɓarnar kuɗi suna tambaya: me manomin Maiyama ya gani a ƙasa?

Amsar tana cikin ambaliyar 2020, wadda ta cinye dubban ɗaruruwan kadada na shinkafa a Kebbi, Jega na cikin wuraren da suka ji jiki. Ruwan Gulbin Zamfara ba ya isowa Jega sai ya yi kwanaki a hanya. Tauraro mai aiki da radar yana gani ta cikin hadari, dare da rana, yana nuna inda ruwa ya kai da inda ya dosa. Hotunan taurarin Sentinel na Turai kyauta ake samunsu, kuma duk bayan 'yan kwanaki suna sake ɗaukar wuri guda. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina duk shekara, hukumar NIHSA tana fitar da na ambaliya. Giɓin yana tsakanin ofisoshin Abuja da kunnen manomi. Haka nan a harkar tsaro, hoto daga sama yana nuna sansani da hanyar babura, amma harin kuskure na Tudun Biri a Disambar 2023, inda masu Mauludi suka rasa rayukansu, ya koyar da cewa ganin sama ba ya wadatarwa sai an haɗa da sanin mutanen ƙasa.

Wutar lantarki ita ce buƙatar da kowa ke kwana da ita. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 da ƙarfin megawat 760, ruwanta ya kai har Yauri, kuma layinta ta Birnin Kebbi yake bi ya shiga Yamai. Lokacin da Nijeriya ta katse wa Nijar wuta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, ta mayar a Maris 2024, kowa ya ga cewa lantarki ma makami ne. Gobarar tashar Birnin Kebbi a Satumbar 2023 ta nuna haɗarin dogaro da layi ɗaya. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuwa, mai noman rani ya fi kowa jin zafinsa, domin injin ban ruwa ba ya tashi sai da mai. Saboda rashin wurin ajiya mai amfani da lantarki, manomin albasa a Aliero yana zuba amfaninsa a rudu, zafi da danshi su ci rabonsu, ko ya sayar da araha lokacin kaka.

Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ya kawo sauƙi, kuma gwamnatin jiha ta raba wa manoma irinsa. Shi ma yana da nasa matsalolin: tsadar batir, jabun faranti, ƙurar hunturu da ke rage musu ƙarfi, ƙarancin masu gyara, da fargabar kada rabon ya tsaya kan 'yan gaban goshi. Duk waɗannan gyaruwa suke yi, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da kansu.

Ra'ayinmu shi ne a bi tsarin daidai ruwa daidai tsaki. Lantarki ne farko, domin radar da turken sadarwa da ɗakin karanta hotunan tauraro duk wuta suke ci. Gwamnatin Kebbi ta yi amfani da dokar 2023 ta kafa ƙananan tashoshin hasken rana a kasuwar Jega, da wuraren ajiyar albasa a Aliero, da fadamun Maiyama, ta wallafa sunayen waɗanda suka amfana, ta horar da matasan da za su riƙa gyara.

Na biyu, gwamnatin tarayya ta sabunta taurarin duba ƙasa, ta fifita mai radar. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, ita ta fi cancanta da a ba ta cibiyar karanta waɗannan hotuna, ta riƙa mayar da su gargaɗi cikin Hausa ta rediyo da wayar hannu da bakin hakimai da dagatai.

Na uku, babbar garkuwar makamai masu linzami ta jira. Abin da ya dace yanzu shi ne radar da za ta lura da iyakokinmu, da na'urori masu rahusa na kakkaɓo ƙananan jirage a Kainji da tashar Birnin Kebbi, da musayar bayanan tsaro da Nijar da Benin. Kuma duk wani harin da wata ƙasa za ta kai a cikin Nijeriya, haƙƙin mutanen yankin ne a yi musu bayani, a biya duk wanda ya yi asara.

'Yan majalisar da ke wakiltar Jega, Aliero da Maiyama su ne za su kai wannan magana zauren kasafin kuɗi. Muna kira gare su da su yi hakan kafin damina mai zuwa, kuma wannan jarida za ta bibiyi abin da suka nema da abin da aka saki.