Bokitin ƙanƙara da kuɗin binciken magani

A watan Agustan 2014, shafukan Facebook suka cika da bidiyon mutane suna kwara wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara, kowa ya gama sai ya ambaci sunayen abokansa, su ma su yi ko su ba da gudummawa. Wasa ne a ido, amma ƙungiyar ALS Association ta Amurka, mai ɗaukar nauyin bincike kan cutar da ke kashe jijiyoyin motsi sannu a hankali, ta tara dala miliyan 115 a wannan shekara. Daga cikin kuɗin ne aka tallafa wa aikin Project MinE, wanda a 2016 ya tabbatar da alaƙar ƙwayar halittar gado ta NEK1 da cutar.

Masu cewa irin wannan yekuwa holewa ce kawai ba su yi adalci ba. Sai dai masu ɗaukarta a matsayin mafita su ma sun yi gaggawa. Maganin Relyvrio, wanda kuɗin bokitin ya taimaka wa gwajinsa na farko, ya samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2022, amma a 2024 kamfanin da ya ƙera shi ya janye shi daga kasuwa, bayan babban gwaji ya nuna bai amfanar ba. Haka bincike yake: yana cin shekaru, yana faɗuwa, yana sake tashi. Yayin intanet kuwa makonni kaɗan ne ya wuce, kuma an sake gwada bokitin a 2015 bai tara ko kusa da na farko ba.

A nan ne suna da tambari ke aiki. A watan Maris na 2014, mata a Birtaniya suka riƙa wallafa hotunansu ba kwalliya, aka tara wa Cancer Research UK fam miliyan 8 cikin kwana shida, alhali ba ƙungiyar ce ta ƙirƙiro yekuwar ba. Sunanta ne mutane suka riga suka sani, suka kuma aminta da shi. Duk da haka, wasu sun kuskure kalmar da ake turawa ta saƙon waya, kuɗinsu ya tafi asusun UNICEF.

A Najeriya hannu ba ya ƙin bayarwa. Da zarar an yaɗa hoton mara lafiya da lambar asusu a WhatsApp, ma'aikata a ofisoshin Abuja sukan haɗa kuɗi kafin a tashi aiki. Abin da ba a saba ba shi ne bayarwa don binciken da bai da fuska. Ga cutar sikila, wadda ƙasar nan ta fi kowace ƙasa yawan masu ɗauke da ita. Cibiyar NIPRD da ke Idu ta samar da maganin Niprisan daga tsirran gida tun shekarun 1990, amma samar da shi ya tsaya bayan kamfanin da aka ba lasisi ya durƙushe. Gidauniyar da za ta nemi kuɗin jama'a don irin wannan aiki tana buƙatar suna guda da ba ya sauyawa, asusu guda, da rahoton kashe kuɗi da kowa zai iya karantawa a wayarsa. Naira dubu da ma'aikaci ya amince a riƙa cira daga albashinsa duk wata ita ce za ta ba mai bincike damar tsara aikin shekara biyar.